Nusrat Mai Tauraro Biyar

Haris bai taɓa gwada manhajarsa a kan waya ta gaske ba, kuma har alfahari yake yi da hakan. A cikin kwamfutarsa akwai wayar ƙarya da ake kunnawa a allo. Ba ta zafi, cajinta ba ya ƙarewa, ba ta taɓa faɗawa cikin baƙin mai ba.

Manhajar ta yin odar kayan gyaran mota ce. In ƙungiyar masu sayar da su a Suame ta karɓa, Haris ya haye. In ta ƙi, sai tsaron shagon babansa a Kejetia, abin da ya tsana kamar mutuwarsa.

Ƙanwarsa Hikima, mai taya shi aikin, ta sha roƙonsa su aro tsofaffin wayoyi su gwada. Ya ce wannan aikin mutanen da ne, ta je ta yi gwajinta a kwamfuta kamar masu ilimi. Ta tashi ta tafi.

Da ya ɗora manhajar a intanet, hujja ta same shi har gida. Wata Nusrat ta fara odar birki kullum da safe, ta ba da tauraro biyar, ta rubuta "Madalla". Ba ta taɓa ƙorafi ba, ba ta taɓa tambayar ina kayanta ba. Haris ya soma fesa turare kafin ya buɗe kwamfuta. Har ya shaida wa mahaifiyarsa ya samu macen da ta san darajar namiji.

Ranar nuni a Suame, shugaban ƙungiya Alhaji Brimah ya miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi, ɗaure da roba. Manhajar ta buɗe, ta sandare, wayar ta mutu. Wani ɗan ƙungiya ya miƙo ta biyu, ita ma haka. Ta uku ta yi zafi kamar dutsen guga.

"Masta, wannan abu naka ba ya aiki kuraa, ko kaɗan," in ji Alhaji.

"Wayoyinku ne, Alhaji. Ina da kwastoma da ke amfani da shi kullum, ba matsala."

"Yoo, to. Kira ta mu ji."

Haris ya dake. Ya ce wa Hikima ta nemo masa lambar Nusrat maza.

Hikima ta gyara mayafinta, ta amsa da muryar da kowa ya ji.

"Yaya, wace lamba? Nusrat ai wayar ƙaryar nan ce ta cikin kwamfutarka. Kai ka ce in yi gwaji a can, ni kuma na raɗa mata suna."