Umarnin da Ya Rage a Kwamfuta

"Zauna, ƙanwata, yau za mu gano mai yi miki barazanar nan," injiniyan sauti na gidan rediyo ya ce wa wata 'yar jarida da suke aiki tare. Ya karɓi saƙon barazanar da aka turo mata da jirkitacciyar murya, ya buɗe baƙin shafin da yake rubuta wa kwamfuta umarni. Kafin ya rubuta komai aka kira shi waje.

'Yar jaridar ta gaji da jira, ta danna maɓallin da ke dawo da umarnin ƙarshe. Na jirkita murya ne ya fito, kuma sunanta aka sa wa fayil ɗin.

A bayanta ta ji an murza makullin ƙofa.

"Ai da kin jira ni," injiniyan ya ce a hankali.