Agogon da Mardiya Ta Ɗaura

Wata bakwai ke nan Malam Dabo yana jiran a kira shi dashen huhu. A gidansa na garin Bowie, can ƙasar waje, daga kujera zuwa banɗaki sai ya tsaya sau biyu, robar iskar numfashi tana jan ƙasa a bayansa.

Asibiti suka ba shi agogo mai ƙirga taku. Sau uku a mako wata ma'aikaciyarsu, Constance, tana kiransa ta bidiyo ta sa shi motsa jiki: ya tashi ya zauna, ya zagaya falo. Ta faɗa masa ƙarara cewa wanda jikinsa ya yi laushi ba zai jure aikin ba, cire shi ake yi daga jerin masu jira.

Matarsa Mardiya ba ta iya kallonsa yana haki. A saninta, majinyaci hutu ake ba shi. Ga 'yan dubiya daga garin Lanham da ke kusa kusan kullum, shi kuma yana kunyar a ga dattijo kamarsa yana ɗaga ƙafa a gaban waya.

"Malam, kawo agogon nan," in ji ta wata rana. "Ni da nake hawa bene sau ashirin, ai takuna ya ishe mu mu biyu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya miƙa mata hannu ta kwance agogon, ta ɗaura a nata hannun.

Daga ranar, in Constance ta kira sai a ce akwai baƙi. Ita kuwa Constance tana ganin takun da agogon ke aika mata yana ƙaruwa, tana aiko da yabo.

Bayan wata uku aka gwada shi tafiyar minti shida a asibiti. Bai cika biyu ba ya zube. Likita ya dubi lissafin agogon, ya dubi ƙafafun da suka tsotse, ya ce an dakatar da sunansa sai ƙarfinsa ya dawo.

Ƙarfin bai dawo ba. Mako shida aka yi ya rasu.

A wurin ta'aziyya mata suna ta yabon Mardiya, wai ko kofi ba ta bar shi ya ɗauka ba. Ta sunkuyar da kai, tana murza wuyan hannunta.

Mai karatu, Mardiya ba ta ƙi mijinta ba, tausayi ne ya yi ɓarnar. In likita ya ce majinyacinka ya motsa, ka riƙe shi ya motsa, kuma kada ka ɓoye wa masu magani gaskiya.