Mutum Goma Sha Takwas

Fom ɗin shafi huɗu ne, Halliru ya cike uku tun kafin ya baro Kano. Layi ɗaya ya rage a shafin ƙarshe: mutum nawa ne a cikin motar, ban da direba, lokacin da haɗarin ya auku?

Manajansa a kamfanin inshora bai ɓoye masa komai ba. Takardar da Ƙungiyar Hasken Shiriya ta Wudil ta sa wa hannu, mutum goma sha takwas ta ce. In sha takwas ne, kamfani zai biya bas ɗin, ya biya diyyar ’yan ƙungiya shida da suka rasu a hanyar zuwa Maulidi. In kuwa an ƙara ko da mutum ɗaya ne, babu ko kwabo. Ga shi wata nas a asibiti ta ce ita kamar sha tara ta ƙirga da aka shigo da su, masu rai da gawa, ban da direba.

“Kai ka kawo mana su, mutanenku ne,” in ji manaja. “Je ka ƙirgo min su.”

Shi ya kawo su kuwa. Shekarar da aka raba wa ma’aikata kuɗin Udoji ya gama jami’a, ya dawo gida a kan Basfa, kai cike da dabaru. Ya tsaya gaban dattawan ƙungiya bayan La’asar da allo da alli. Suka ce inshora caca ce, wasu suka ce jayayya ce da ƙaddara. Ya ce a’a, taimakon juna ne da aka rubuta a takarda. Wata uku yana zarya kafin suka yarda. Shi ya sa aka jera jajayen bokitan yashi a masallaci, aka canja wayar lasifika da ɓera ya ci. Da hannunsa ya rubuta FASINJA 18 da farin fenti a ƙofar bas ɗin.

Ranar Asabar abin ya faru. Litinin da safe yana kan teburinsa, bai nemi hutu ba.

Ya iso Wudil ranar Juma’a, kasuwa na ci, motocin shanu sun toshe gada. Duk inda ya bi sai a ce masa ya ƙarin haƙuri, shi ma ya ce ya ƙarin haƙuri. A makon nan haka kowa ke gaida kowa a garin.

Malam Labaran, shugaban ƙungiyar, yana zaure da hannu ɗaure a wuya. Gaisuwar ta yi tsawo. Da ya ga fom ɗin sai ya girgiza kai.

“Ba sai ka zo da kanka ba, ɗana. Ba su da wani ne a ofishin?”

“Aikina ne, Baba. Ku nawa ne a motar?”

“Yo ni da nake gaba? Idona na kan tirelar simintin da ta taho mana. Sunayen da muka rubuta ranar Alhamis sha takwas ne, ga littafin nan.”

Halliru ya duba littafin. Sha takwas. Ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, da kyakkyawan rubutunsa.

Gidan Haladu ladan ya shiga na biyu. Matarsa Hansai tana takaba a kan tabarma, ’ya’ya biyar sun kewaye ta. Ba ta san abin da fom ke nufi ba, amma an gaya mata cewa daga takardar nan hatsin bana zai fito.

“Ɗan nan, ka ci wani abu kuwa tun ranar? Dubi wuyanka kamar na zalɓe.”

Ta sa aka damo masa fura. Ya riƙe ƙwaryar har suka gama magana, ya ajiye ta yadda aka ba shi.

Haka ya bi gida shida. Ba wanda ya ce sha tara, ba kuma wanda ya kalli idonsa ya ce sha takwas. Ya lura da hakan kamar yadda yake lura da tsagewar bango ko tsohuwar waya, ya wuce.

Saura direba. Bilya yana kwance a asibiti, an rataye ƙafarsa da igiya. Yana hango shi ya juya fuska bango.

“Bilya, ka ƙara wani a hanya?”

Fanka na juyawa a hankali.

“Malam Halliru, ni ban iya karatu ba. Abin da ka rubuta a jikin ƙofa, shi na sani.”

Halliru ya fito, ya zauna a kan Basfarsa a inuwar darbejiya, ya ɗora fom ɗin a cinya. Ƙarƙashin layin an buga da ƙananan haruffa cewa wanda ya sa hannu ya tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta. In ya rubuta sha tara, ya faɗi gaskiya, gidaje shida su tashi da hannu biyu. In ya rubuta sha takwas, to wata tsohuwa ba ta taɓa shiga motar nan ba. Babu ita a littafin ƙungiya, ba za ta shiga na kamfani ba, ba mai nema mata diyya, ba mai rubuta yadda ta mutu.

Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji ba. Ana ta kiran sallar La’asar, wata sabuwar murya ce a lasifikar.

Ya rubuta 18. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya hura tawadar ta bushe.

Daga nan bai nufi Kano ba. Ya kama hanyar Indabo, inda mata ke zaman makoki a tsakar gidansu kwana na bakwai ke nan. A bakin hanyar nan ce, ranar Asabar da hantsi, ya ɗaga wa Bilya hannu ya tsaya, ya leƙa ta taga yana dariya, ya ce don Allah a ɗan matsa wa Innarsa, ba ta da nauyi.