Jan zaren Sitti

Ina da shekara takwas na ɓoye fasfon kakata a buhun shinkafa, don kada ta tafi Kano ta ƙi dawowa. Aka birkice gidanmu na unguwar Ammariyya a ƙasa mai tsarki, saura kaɗan a ɗaga tayil. Da la'asar Sitti, haka muke kiranta, ta hango shinkafa a gashina. Na fara kalmar shahada.

Maimakon bulala, sai ta ɗauko dunƙulen jan zaren ulu.

"Zauna, maigida. Jirgin ruwan da ya kawo mu daga Bur Sudan tsoho ne tukuf. Kafin alhazai, talakawan Italiya yake kwasa zuwa Amurka neman abinci. Wani dattijo mai dafa mana abinci a ciki ya ce idan za su tashi, matafiyi yakan riƙe dunƙule, ɗan'uwansa a gaɓa ya riƙe bakin zaren, har ya tsinke. Kowa ya adana guntunsa."

"To, suna dawowa?"

"Wasu. Ni dai ina cikinsu, in sha Allah."

Ta tsinka zaren da haƙori, ta ɗaura min rabi a hannu, ta ƙulle rabi a gefen mayafinta.

"Yalla, maza kawo fasfona. Halas, magana ta ƙare."

Na tono shi ina kuka, shinkafa na zuba daga shafukansa.

Bana ni zan tafi karatu. Jiya na ga Sitti ta sayo dunƙule mai girman kankana. Wai jirgin sama ya fi na ruwa gudu.