Tsumagiyar da Ya Kawo

Ya ajiye tsumagiya a teburin malamar 'yarsa. "Malama, in ta ƙi zama, ki zane ta. Na gaji da kawo ƙararta."

Wata uku takardar likitan Kafanchan tana aljihunsa, wadda ta ce larurar rashin natsuwa ke damun yarinyar, ba taurin kai ba. Ya ɓoye ta, kada 'yan coci su ce ya haifi mai taɓin hankali.

Malamar ta ɗauki tsumagiyar, ta je bayan aji, ta ja dogon layi a ƙasa.

"Baba, daga yau nan za ta riƙa kai-kawo. Na lura a tsaye take gane karatu."

Ya kasa ɗaga ido. Ya zaro takardar, duk ta sha zufa.