Uban Tattabaru Ya Yi Shiru

Zinariya ta ƙi cin gero. Ta takure a kusurwar ɗakin tattabaru, gashinta a tashe, idonta a lumshe, Malam Mas'udu kuma yana tsugune a gabanta yana haɗa gumi. Kaf Bungudu babu tattabara mai irin wutsiyarta, shi ma a ganinsa kaf Bungudu babu mai tattabara kamarsa. Yau ga shi ita tana neman mutuwa, shi yana kallo.

Da uwargida Luba tana nan, da da sauƙi. Ita ke share ɗakin, ita ke jiƙa kanwa, shi aikinsa bai wuce ya tsaya bakin ƙofa da waya a hannu yana jera mata tambayoyi ba, wai gwada ta yake. To, tun farkon wata ta tafi wani ƙauye a bayan Tsafe wajen jegon 'yarsu Sadiya, inda sai an hau dutse ake samun sabis. Ranar tafiyar ma sai da ya ce mata ta yi zamanta, tattabaru ba su san ta tafi ba. Namiji kuwa ba ya lashe irin wannan magana.

Saboda haka ya sayi sabon layi, ya shiga Zauren Masu Tattabara na intanet da sunan Sabon Hannu. Dokar zauren ɗaya ce: ba sunan yanka, ba sunan gari, ba hoton gida, don zamanin nan ba a nuna wa duniya inda aka ajiye abin so. Lambobin waya kuwa mai kula da zauren kaɗai ke riƙe da su, wanda ake kira Mai Gadi. Don ƙarin ɓad da sawu, Mas'udu ya ce shi Bakano ne, ya murɗe harshe ya rubuta damuwarsa da Kananci.

Amsa ta farko: "A jira Uban Tattabaru."

Ta biyu: "Wannan sai Uban Tattabaru."

Jama'a, a duba wannan zalunci. Zaure cike da ƙattai, kowa da suna mai ban tsoro, su Shaho, su Gaggafa, su Tashi-da-Asuba, amma babu mai iya cewa a ba tsuntsuwa magani kaza. Sun saba. Shekara da shekaru duk wanda tattabararsa ta yi atishawa, Uban Tattabaru zai ce a ɗan dakata masa, jim kaɗan ya dawo da magani, kuma a dace. Har kirari suke masa. Babu wanda ya taɓa ganinsa, ga shi kwanan nan ya yi ɗif.

Mas'udu ya rubuta cewa ba zai jira ba, mutumin nan ba zai amsa ba, wani ya taimaka. Aka ce masa sabon shiga da garaje. Shaho ya ce watakila girman kai ne ya kama Uban Tattabaru, dama can ya cika son a yabe shi. Nan Mas'udu ya manta da mara lafiya, ya zage ya wanke Shaho tas, ya ce ko farcen wannan bawan Allah bai kai ba. Zaure ya yaba da ladabin yaron, aka ƙara ba shi haƙuri ya jira.

Washegari Zinariya ta fara zawo, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya mutu. Hankali ya tashi, Kananci ya gudu. Mas'udu ya rubuta: "Ku taimaka hwa, ɗiyan sun hwara mutuwa!"

Zaure ya ɓarke da dariya. Gaggafa ya tambaya wace unguwa ce a Kano ake cewa hwa. Shaho ya ce a gaida Kanon da ke bakin hanyar Sakkwato. Mutum yana cikin bala'i, su sun samu wasan kwaikwayo.

Mai Gadi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira sabon layin, ya ce sunansa Yazid, direba ne a tashar Gusau, kuma tunda harshe ya nuna abin na gida ne, a faɗa masa gari da unguwa. Mas'udu ya yi ta kwana-kwana, ya dubi Zinariya, ya faɗa.

Kafin la'asar ga Yazid a tsakar gida. Ya ɗaga tsuntsuwar, ya buɗe bakinta, ya shafa ƙirjinta, ya girgiza kai.

"Malam, wagga ba ta kai gobe in ba a yi wani abu ba. Ni kau ban san mi za a ba ta ba."

"To ka taimake ni da motarka," in ji Mas'udu. "Mu sa ta a kwando, ka kai mu bayan Tsafe. Yanzu."

"Tsafe? Da yammacin ga, kan wagga hanya? Mi za mu yi can?" Yazid ya zaro waya. "Bari dai in karya doka. Tunda na buɗe zauren ga ban taɓa kiran lambar Uban Tattabaru ba, amma yau rai za a ceta."

"Kada ka dame shi! Babban mutum ne!"

"Babban mutum ba ya ƙin taimako."

Mas'udu ya kai hannu zai riƙe shi, amma Yazid ya riga ya danna. Tsakar gida ta yi tsit, har tattabarun da ke kan katanga suka daina kuka.

Sai ga waya ta ɗauki kuka a aljihun hagun Malam Mas'udu.