Maƙalar da Aka Kai Wa Ungozoma

Tunda kai aka ɗora wa aikin liƙa wa rubuce-rubucen mutane kalmomin da za a nemo su da su, zauna ka ji wannan kafin ka fara.

A wata jami'a an yi malamai biyu a sashen sarrafa bayanai, ofishinsu ɗaya, kuma kujera ɗaya suke hange, wato shugabancin wata cibiyar bincike da za a ba wanda aikinsa ya fi fita duniya. Babban shi ke riƙe da rumbun maƙalun sashen a intanet, kalmar da ya liƙa wa aiki ita ce hanyar da mai nema zai bi ya same shi. Sai ƙaramin ya kawo maƙala kan yadda ma'aikata za ta tsare bayananta a inda wutar lantarki ke zuwa sai ta ga dama. Babban ya karanta, ya ga ta yi kyau, kyan nan kuwa ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Ya goge kalmomin da mai ita ya zaɓa. Da yake a wani shafi an kawo misali da wani ɗakin shan magani, sai ya liƙa mata "asibitin ƙauye" da "ungozoma". A ransa yana cewa, wane masanin kwamfuta ne zai je neman ilimi wurin ungozoma? Tasa maƙalar kuwa ya cika ta da kalmomin da ake yayi.

Abin da gogan bai lura da shi ba, ƙarƙashin kalmomin yayi maƙala dubu ce ke turereniya, tasa ta nutse, ko mai leƙe babu. Can kuwa inda ya jefa ta abokinsa, fili ne fetal. Wata likita da katunan masu haihuwa ke yawan ɓace mata ta shiga nema, ta sami maƙalar a sahun farko. Ta gwada, abu ya yi, ta gaya wa 'yan'uwanta likitoci. Kafin kwamitin zaɓen shugaban cibiyar ya zauna, sunan ƙaramin ya zaga asibitoci, aka ba shi kujerar.

Ranar walima, ƙaramin, bawan Allah, da zuciya ɗaya, ya miƙe ya ce, "Yayana ne ya zaɓa min kalmomin nan, ni ban kai wannan hangen ba." Aka sa babban ya tashi tsaye ana ta tafa masa, yana yaƙe.

Hassada ga mai rabo taki ce.